Re: Ina da soja ɗaya a sama amma muka tashi canjaras

Ɗan uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, na san wannan ciwon. Ka ce kana da rarar soja a ƙarshen wasan chess, ruk da ruk, mutumin ya fi ka retin (makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi) da kusan 200, amma ya riƙe ka duro, ka kasa barci kana tambaya ko kai ne ba ka iya ba. Ba haka ba ne.

Ni nawa ya fi naka ɗaci. Ni ke riƙe da fararen kaya, ina da bishof da sojoji biyu a layin g da h, shi doki kawai ya rage masa. Agogona na ƙarewa mutumin nan ya fara, duk motsi sai ya ɗago kai ya ce "duro?", na ce a'a, ya sake, na girgiza kai, ya sake, hannuna har rawa yake, alƙalin wasa kuma yana bakin ƙofa yana danna waya. Can ya ba da dokinsa ya cinye sojan g, ya kai sarkinsa h8 ya zauna. Bishof ɗina na farin gida ne, h8 baƙi, ba abin da zai fitar da sarkin daga lungun nan balle sojan h ya shige ya zama sarauniya, dole duro. Wai har da murmushi yake miƙo min hannu. Har yau in na gan shi a zaure raina ɓaci yake.

Don Allah kar ka yarda da wannan, dokar FIDE, hukumar chess ta duniya, ta hana damun abokin karawa da tayin duro barkatai, tsayar da agogo ka kira alƙali, ko ya girme ka kar ka ji nauyinsa.

Shi kuma ƙarshen wasan ruk, soja ɗaya sau da yawa ba ya isa, in mutum ya san Philidor, wato dabarar kare kai don a tashi duro, ya jera ruk a layi na shida, sai haƙuri. Ka zauna ka koyi Lucena (dabarar cin irin wannan wasan) da Philidor har su zauna maka a ka. Kuma ka ci abinci kafin zagaye, yunwa na kashe lissafi sosai.

Ka duba ma, in K ɗinka (lambar da ake lissafa canjin retin da ita) 20 ne, wajen maki 5 ka samu a duron nan, shi kuwa ya zubar. Ko manya ma, Carlsen da Caruana a karawar kambun duniya a Landan 2018 wasa 12 duk canjaras suka yi.

Turo min takardar wasan mu duba tare da daddare, ina son ganin inda sarkinka yake lokacin da aka yi musayar sarauniya.