Kowa da inda ya dace da shi: amsa ga mai neman ƙasar da iyalinta za su ziyarta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne a dangi muke tara kuɗi da niyyar fita ƙasar waje, amma har yanzu baki bai zo ɗaya ba a kan inda za mu nufa. Mahaifina tsohon malamin Larabci ne, ya riga ya sauke farali, yanzu wuraren tarihin Musulunci yake so ya gani da idonsa, sai dai gwiwoyinsa suna damunsa. Maigidana ɗan kasuwa ne, ba ya son tafiyar da ba za ta dawo da kuɗin jirgi ba. Ƙanena namun daji da hawan dutse ne a ransa, ƙanwata za ta yi aure a ƙarshen shekara, ni kuwa hutu nake so tare da yara uku. Duk jerin ƙasashen da na gani Faransa da Sifaniya ne a gaba. Wane wuri ya dace da kowannenmu, kuma idan ya zama dole mu tafi tare, ina za mu dosa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Jerin da kika gani bai yi ƙarya ba, domin Faransa ta karɓi baƙi kimanin miliyan 100 a shekarar 2023, Sifaniya kuma kimanin miliyan 85, amma akasarin waɗannan baƙi maƙwabta ne 'yan Turai, waɗanda suke tsallaka iyaka ba tare da wani ya tambaye su biza ba. Mai riƙe da fasfon Najeriya ko na Nijar lissafinsa daban ne, saboda bizar Schengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, ita kaɗai yuro 90 ce tun daga Yunin 2024, ga takardun banki da na inshora da jiran ranar ganawa, kuma idan aka hana mutum ba a mayar masa da kuɗinsa. Don haka kafin a ambaci sunan wata ƙasa, ana fara duba abin da matafiyi yake nema, da watan da zai iya tashi, da irin ƙofar da fasfonsa yake buɗewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma iyalinki sun nuna haka sarai.

Bari in fara da Baba, domin nasa ne ya fi buƙatar natsuwa. Ƙasashe biyar ne suke zuwa a rai idan ana maganar tarihin Musulunci bayan Makka da Madina, wato Masar da Turkiyya da Uzbekistan da Maroko da kudancin Sifaniya, kuma ga malamin Larabci Masar ce ta farko a wurina. A Alƙahira akwai masallacin Amru ɗan Asi, wanda shi ne na farko da aka gina a ƙasar jim kaɗan bayan Musulunci ya shige ta, akwai masallacin Ibn Tulun da aka kammala a 879, akwai Azhar da aka aza harsashinsa a 970, ga kuma hubbaren Imam Shafi'i. A birnin ne kuma aka binne Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka wallafa tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu kowane watan azumi, kuma wanda ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da waɗannan littattafai ba zai ji kansa baƙo a can ba, ga shi zai yi magana da mutane ba tare da tafinta ba, ko da yake Larabcin kan titi na Masar zai ɗan ba shi mamaki a kwanakin farko. Mota tana kaiwa kusa da mafi yawan wuraren nan, har da dalar Giza mai shekara wajen 4,500, abin da zai rage wa gwiwoyinsa wahala. A nufi can tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafi ya sauko.

Uzbekistan ce ta biyu, kuma ina ganin mutanenmu ba su ba ta haƙƙinta ba. Kabarin Imam Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, yana ƙauyen Hartang, tafiyar kimanin kilomita 25 daga Samarƙand, kuma a cikin birnin akwai dandalin Registan mai makarantu uku, wadda ta fi daɗewa a cikinsu Ulug Beg ne ya gina ta a ƙarni na 15. Jirgin ƙasa mai gudu yana ɗaukar mutum daga Tashkent zuwa Samarƙand cikin awa biyu da 'yan mintoci, daga nan ya wuce Buhara, kuma tsohon garin Buhara shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara. Sanyin hunturunsu mai tsanani ne, zafin bazararsu ma haka, saboda haka Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne watannin zuwa.

Birnin Fas na Maroko kuwa, duk da cewa a can jami'ar Ƙarawiyyin take, wadda Fatima al-Fihri ta kafa masallacinta a 859, kuma a can zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wadda 'yan'uwanmu da yawa suke kai wa ziyara, ba zan ɓoye miki ba cewa tsohon garin dubban lunguna ne matsattsu masu hawa da sauka, waɗanda mota ba ta shiga. Idan Baba ɗan ɗariƙa ne kuma zuciyarsa tana can, a kama masa masauki kusa da ɗaya daga cikin ƙofofin gari, a rage masa yawo. Haka fadar Alhamra ta Garnaɗa a kudancin Sifaniya, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492, a kan tudu take, tikitinta sai an saya tun da wuri saboda ana ƙayyade lokacin shiga, sannan babban masallacin Ƙurɗuba yau coci ne, ba a barin kowa ya yi salla a ciki. Kudancin Sifaniya wuri ne mai taɓa zuciya ƙwarai, amma da wahalar biza da wahalar ƙafa, ni zan ajiye shi a ƙarshe.

Na maigida ba ya buƙatar dogon bayani, domin 'yan kasuwa sun riga mu sanin hanya. Idan kayan masana'anta yake nema, baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ta ƙasar Sin tun 1957 yana ci sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma kashi uku ake raba shi, kowane kashi da irin kayansa, don haka ya tabbatar da makon da ake baje nasa kafin ya sayi tikiti. Mai neman ƙananan kaya na sari ya wuce Yiwu, inda babbar kasuwar take da rumfuna sama da 70,000. Mai harkar tufafi kuwa unguwannin Laleli da Merter na Istanbul sun ishe shi. Abin da zan ja kunnensa a kai shi ne kuɗin otal a Guangzhou yana tashi sosai a makonnin baje kolin.

Ƙanenki shi ne mai sa'a a cikinku, saboda abin da yake nema a nahiyarmu yake, kuma ƙasashen gabashin Afirka sun sassauta wa 'yan Afirka shiga a 'yan shekarun nan, musamman Ruwanda da Kenya. Abin kallo mafi girma a can shi ne ƙaurar da dabbobi suke yi kowace shekara tsakanin dajin Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara na Kenya, inda sama da miliyan ɗaya na wata dabba mai kama da ɓauna, mai gemu da geza, wadda Suwahilawa suke kira nyumbu, suke bin ruwan sama da sabuwar ciyawa tare da dubban jakunan dawa. Tsakanin Yuli da Oktoba ne suke tsallaka kogin Mara, kadoji suna jiransu a ruwa, zakuna kuma a gaɓa. Wanda ya je a Janairu ko Fabrairu ba zai ga tsallakar ba, amma zai tarar da su a kudancin Serengeti suna haihuwa, wanda shi ma abin gani ne. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ba ya buƙatar igiya ko ƙwarewar hawa, amma doka ta wajabta tafiya da ɗan jagora mai lasisi, kuma abin da yake mayar da mutane baya shi ne ƙarancin iskar shaƙa a sama, ba gajiyar ƙafa ba. Saurayi mai ji da ƙarfi yakan zaɓi hanyar kwana biyar don ya rage kuɗi, sai ciwon kai da amai su sauko da shi kafin ya kai ƙololuwa, alhali hanyar kwana bakwai ko takwas tana ba jiki damar sabawa. Idan kuma gwaggon birin da ake kira gorila yake son gani, cikakken kuɗin izini ga baƙo dala 1,500 ne a Ruwanda, dala 800 a dajin Bwindi na Yuganda, kuma awa ɗaya tak ake ba mutum a gaban dabbobin, don haka ya tambayi rangwamen da ake yi wa 'yan Afirka kafin ya biya. Kada ya manta da katin rigakafin cutar shawara, domin ana iya tambayarsa a filin jirgi.

Amarya da ango wurare biyu zan nuna musu, wato Zanzibar da tsibiran Maldif, kuma duka biyun garuruwan Musulmi ne, inda abinci da wurin salla ba za su zama abin damuwa ba. Zanzibar ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, ga tsohon gari mai ƙofofin katako sassaƙaƙƙu, ga gonakin kanumfari, ga bakin teku mai farin yashi a Nungwi, sai dai tun Oktoban 2024 an wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar dala 44. A Maldif ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, amma otal-otal na tsibiran da aka keɓe wa baƙi suna da tsada matuƙa, kuma kuɗin jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin saman da zai kai mutum can sau da yawa ba ya cikin farashin ɗaki. Masaukan da suke tsibiran da 'yan ƙasa suke zaune, irin su Maafushi, sun fi araha nesa ba kusa ba, ba a sayar da giya a cikinsu, kuma a ganina sun fi dacewa da tarbiyyarmu. Tunda bikin a ƙarshen shekara ne, su daure su bar makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara su wuce, lokacin da farashi yake kai ƙarshensa, su tashi a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, yanayin yana nan da kyansa.

Ke da yara kuwa, Hajiya, na san Dubai ce za a fara ambata miki, amma dogon hutun makaranta yana faɗawa ne a Agusta, lokacin da zafin can yake wuce digiri 40, yara su ƙare hutunsu a cikin kantuna, ga shi sharuɗɗan biza ga 'yan Najeriya sun yi ta sauyawa tun dakatarwar da aka yi daga 2022 zuwa Yulin 2024. Malesiya ta fi kwanta mini. Hukumar gwamnati ce take tantance abincin halal, manyan kantuna da filayen jirgi suna da ɗakin salla, kuma a ƙarƙashin tagwayen benayen Petronas masu tsayin mita 452 akwai cibiyar kimiyya ta yara, da gidan kifaye, da lambu mai wurin wasa, duka a tafiyar ƙafa. Kwana huɗu a Kuala Lumpur da uku a tsibirin Langkawi sun isa. Aibin Malesiya shi ne nisa, domin sai an sauya jirgi a Doha ko Addis Ababa ko Istanbul, kuma tafiyar yini guda da ƙananan yara ba ƙaramin aiki ba ne. Idan aljihu bai kai ba, Ghana tana nan kusa ba tare da biza ba ga ɗan Najeriya, yara su ga teku da gidan yarin bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, kuma a zangon Kumasi ko Nima ta Accra da Hausa za ku yi ciniki.

Saura tambayarki ta ƙarshe, kuma amsata Istanbul ce, domin ban san wani birni da ya tara buƙatun mutum biyar ɗin nan kamarsa ba. Baba zai ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, ya ga kayayyakin tarihi da aka jingina wa Manzon Allah (SAW) a fadar Topkapi, ya yi salla a Aya Sofiya, wadda aka gina a matsayin coci a 537, ta koma masallaci a 1453 bayan Sarkin Musulmi Muhammadul Fatih ya ci birnin, ta zama gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020. Maigida zai yi sarinsa a Laleli, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Yara da amarya za su hau jirgin ruwa a mashigin Bosforus, su karya kumallo a Turai su ci abincin rana a Asiya. Ƙanenki ne kaɗai zai yi haƙuri da namun daji, amma jirgin awa ɗaya da rabi zai kai shi Kapadokiya, inda zai yi yawon ƙafa a kwaruruka, ya shiga garuruwan da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, ya hau babban balan-balan mai ɗaukar mutane sama da asuba idan iska ta yarda.

Ku nemi biza aƙalla wata biyu kafin tafiya, kowa ya tabbatar fasfonsa yana da sauran wata shida ko fiye, ku zaɓi Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba. Birnin yana da tuddai, saboda haka don gwiwoyin Baba a kama masauki a Sultanahmet ko Sirkeci, kusa da layin jirgin kan titi na T1, wanda yake bi ta gaban manyan masallatan har zuwa Laleli. Wajen tsara kwanaki kuma ki tuna cewa fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar rufaffiyar kasuwar birnin kuma ba ta ci ranar Lahadi.