Shawarar Lauya: Garejin ƙarƙashin ƙasa a tsohon gida mai kariya a Landan

Wani bawan Allah ya turo tambaya cewa ya sayi gida a unguwar Kensington a Landan, tsohon gini ne da gwamnati ta sa a jerin gine-ginen tarihi a mataki na Grade II, yanzu zai yi masa kwaskwarima kuma yana so a haƙa masa gareji a ƙasa irin mai injin nan da ke sauke mota da kansa ya hauro da ita. Ɗan kwangila ya ce masa a fara kawai, takarda ta biyo baya. Wai ya doka ta ce?

Alhaji, don Allah ka dakatar da ɗan kwangilar nan tukuna. A Ingila taɓa irin wannan gida ba tare da izini ba laifi ne na kotu kai tsaye, dokar 1990 ta gine-gine masu kariya sashe na 7 ya hana, sashe na 9 kuma ya tanadi hukunci, tara mara iyaka ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2, kuma da wanda ya yi aikin da wanda ya sa shi duk suna ciki, "ai ban sani ba" ba ta fid da mutum. Abin da ya fi ɓata rai ma shi ne babu wa'adi, ko bayan shekara ashirin ƙaramar hukuma za ta iya cewa a maida ginin yadda yake, da kuɗinka. Kariyar kuma ba fuskar gidan kaɗai ba ce fa, har ciki, matakala, daɓe, ɗakunan ajiya na ƙasa, da katanga ko wani gini a harabar idan yana nan tun kafin Yuli 1948.

Izini biyu za ka nema, na taɓa gini mai kariya da na tsarin gine-gine na gama-gari, samun ɗaya baya wadatar da ɗayan. To anan gizo ke saƙa: ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea tun 2015 ta kafa ƙa'ida kan haƙa a ƙasa saboda yadda masu kuɗi suka addabi maƙwabta da tone-tone, kuma a ciki ta ce ba a haƙa ƙarƙashin gini mai kariya, fakat. A ganina ka cire ranka daga ƙarƙashin gidan kansa, kuɗin zane kawai za ka ɓatar.

Inda akwai ɗan haske shi ne lambu ko farfajiya. Nan ana iya dubawa, amma kar ramin ya wuce rabin lambun, hawa ɗaya tak, a bar ƙasa mita 1 a samansa, sannan injiniya ya nuna a rubuce cewa haƙar ba za ta girgiza harsashin tsohon ginin ba. Murfin da ke ɗagowa da motar ma za su duba ko ya ɓata kamannin gidan, ga ƙarar injin da dare, ga maganar ruwa idan ya taru a ramin. Idan kuma babu mashigar mota daga titi, sassauto da gefen titin ma izininsa daban ne.

Sai maƙwabta. Dokar katangar tsakani ta 1996 ta ce idan za ka haƙa cikin mita 3 daga gininsu kuma ya zarce zurfin harsashinsu, wani lokacin har mita 6, dole ka ba su sanarwa a rubuce wata 1 kafin a fara, in basu yarda ba a naɗa safiyo, galibi kai za ka biya. Ka kuma duba takardar gidan, in hayar dogon zango ka saya ba mallakar har abada ba, ƙasan ba lallai naka bane, sai mai asalin filin ya amince.

Ni dai abin da zan ce ka yi, ka biya kuɗin neman shawarar ƙaramar hukuma kafin shigar da takarda, jami'in kula da tsoffin gine-gine zai faɗa maka inda suka dosa, ka ɗauki mai zane da ya saba da irin waɗannan gidaje ya rubuta bayanin darajar ginin. Bisa ƙa'ida sati 8 suke yanke hukunci, kodayake sukan wuce. In sun ƙi kana da wata 6 ka ɗaukaka ƙara kan izinin gini mai kariya, amma na tsarin gine-gine na gidan zama sati 12 ne kacal, kar lauyanka ya haɗa su lissafi ɗaya.