Kada Ka Cika Tukunyar Furesha da Dal

Ka tambaye ni yadda za ka haɗa dal, miyar ɓararren wake ta Indiyawa, da shinkafa cikin rabin awa, tunda Indiyawan da ka samu aiki a gidansu, miji da mata, ƙarfe takwas suke fita kanti, kuma ba sa cin nama. Har kana cewa ko ka cika tukunyar furesha ka dafa na kwana uku a tashi ɗaya. Wannan maganar ce ta sa na ajiye wuƙa na zauna, ɗana, domin ita ta cinye min albashin wata biyu.

Ina kuku a wani gida a Bompai, nan Kano, lokacin ko haifarka ba a yi ba. Ranar Diwali ce, bikin fitilu na Indiyawa, ana jiran baƙi wajen 20. Na wanke tur dal, wani ɓararren wake rawaya, na zuba da ruwansa daidai rabin tukunya, sai uwar gida ta leƙo ta ce in ƙara, babu lokacin dafawa sau biyu. Na ce mata dal kumfa yake yi, in ya wuce rabi kumfar za ta toshe bututun da tururi ke fita. Ta ce ita aka haifa a Gujarat ta Indiya ko ni? Na ja bakina na ƙara.

Tukunya ta yi busa ɗaya, ta yi shiru. Ina miƙa hannu in kashe wuta, ɗan toshin da ke kan murfi ya ɓalle, dal ya yi sama kamar an buɗe famfo. Silin ya koma rawaya, bango ma haka, hannuna kuwa ga tabon nan, duba da kyau. A gaban baƙi ta ce sakacina ne. Mai gida bai tambaye ni yadda aka yi ba. Aka cire kuɗin murfi, aka cire kuɗin fenti, maganin ƙuna kuwa daga aljihuna. Kuɗin da nake tarawa na gadon 'yata ne, saura wata uku bikinta, sai da na ci bashi. Shekara tara na yi a gidan ban fasa ko kofi ba. Har yau in na bi layin nan raina ɓaci yake.

Don haka rabin tukunya, ko Sarki ne ya ce ka ƙara. Ka sa ɗan mai da kurkum, mai na kwantar da kumfa.

Kuma wa ya ce sai da furesha? Ku yaran yanzu kun ga abu a waya kun ɗauka kun iya, hannu ɗaya a ludayi ɗaya a kan allo. Masur dal, jan nan, minti 15 zuwa 20 ya narke a tukunyar banza, ba sai an jiƙa ba. Mung da aka ɓare shi ma baya jan lokaci. Tur ne ke son furesha, busa uku ko huɗu. Rajma da cana kuwa, wake ne masu tauri da ba a ɓare ba, tun dare ake jiƙa su, in ka manta kada ka soma. Ranar da aka makara, haɗa mung da shinkafa a tukunya ɗaya ka yi kicari, babu Ba'indiyen da zai raina shi.

Shinkafa ba zan koya maka ba. Wanda bai iya ta ba ya koma gida.

Daɗin duka a tadka yake, wato kayan ƙamshin da ake soyawa a mai, kuma minti ɗaya ne. Man shanu ya yi zafi, ka watsa ƙwayar mastad ta fara tsalle, sai ƙwayar jira, wadda Turawa ke kira cumin, busasshen barkono, hing, garin nan mai ƙarfin wari, kaɗan a bakin cokali, ka juye kan dal ka rufe nan take. In jira ta yi baƙi zubar ka sake, ɗaci za ta yi.

Gobe kafin ka kunna wuta ka tambayi uwar gidan ko mabiya addinin Jain ne. In su ne, babu albasa, babu tafarnuwa, babu dankali. Kuma dunƙulen nan mai ɗanɗanon kaza da ka saba jefawa a miya, kada ya shiga kicin ɗinsu ko a aljihunka.