Magini ya ƙi yin canjin da kuka amince

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za ka iya tilasta wa magini ya yi maka ƙarin tagar da kuka amince bayan an fara gini, yanzu kuma ya ce ba ta cikin lissafi. Eh za ka iya, amma fa sai kana da shaida, takarda da sa hannunku ko saƙon WhatsApp inda ya yarda da farashin.

Ni a nawa ginin da baki muka yi maganar canza kwanon rufi, ana kaiwa linta mutumin ya ce sam bai tuna ba, wallahi dole na ƙara kuɗi. Kar ka sakar masa kuɗin kashi na gaba sai kun zauna gaban shaidu biyu an rubuta canjin da kuɗinsa da ranar gamawa.