Malama, kada ki daina, amma ki ji abin da ya same ni

Wa alaikumus salam Malama. Da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, don mikin da nake zaton ya warke ne kika fama. Kin ce ɗalibi ya nuna miki bidiyo wai an riga an rubuta sakamakon zaɓe mai zuwa, kika ce masa ƙarya ne, washegari mahaifinsa ya kai ƙararki wai kina cusa wa yara siyasa. Kina tambaya ko ki daina taɓa zancen kwata-kwata. Kada ki daina, don Allah.

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 na yi aikin wucin gadi a wata rumfa, kamar da yawanmu a nan. Lokacin wahalar takardun naira ne, kuɗin mota ma da ƙyar na haɗa. Wajen azahar wani dattijo ya zo, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi karanta yatsansa, hannu ne da ya sha fartanya duk ya yi kanta. Na kama yatsan na goge da bakin rigata, na sake ɗorawa, ta ƙi, muka koma ɗaukar fuska, ya wuce ya jefa ƙuri'arsa shi kaɗai. Ashe wani ya ɗauki hotona ina riƙe da yatsan. Kafin magariba hoton ya zagaye unguwa, an rubuta a ƙasa: ga malamin makaranta yana dangwala wa tsofaffi ƙuri'a.

Wanda ya fara tura shi zauren unguwa a WhatsApp mahaifin ɗalibina ne. Yaron da na shekara ina yi wa ƙarin darasi bayan la'asar ban karɓi ko sisi ba. Mutumin nan ya san ni, ya san gidana, ranar sunan 'yata yana zaune a kan tabarmata. Lambata tana wayarsa, kira ɗaya ya isa. Bai kira ba. Daren nan a gidan yayana na kwana, don abin da aka yi wa masu hidimar ƙasa a Bauchi bayan zaɓen 2011 ya ƙi fita daga raina. Da na koma aji na tarar an rubuta "ɓarawon ƙuri'a" a kan allo, yara sun yi tsit suna kallona. Da hannuna na goge, alli yana zubo mini a hannun riga, na juya in fara darasi murya ta ƙi fita. Mako biyu ina zuwa wani masallaci can nesa. Da gaskiya ta fito, don dattijon da kansa ya je ya yi bayani gaban mai unguwa, abin da mahaifin ɗalibin nawa ya iya cewa kawai shi ne "ni ma turo mini aka yi". Har yau bai ce in yi haƙuri ba. Na yafe, amma in na hango shi a kasuwa ƙirjina sai ya buga.

To, kalmar "ƙarya ne" ki ajiye ta. Yaro daga wayar babansa ya gani, abin da kunnensa ya ji shi ne kin ce ubansa maƙaryaci ne. Ni yanzu da tsohuwar jita-jita nake shiga, wadda ta riga ta mutu: labarin Jibrin na Sudan, da aka yi ta yaɗawa cewa an musanya Buhari, har ya fito da kansa a Folan a Disambar 2018 ya ce shi ne dai. Yara su yi dariya, sai in tambaye su wa ya fara faɗa, a ina, yaushe, wa zai amfana in an yarda. Daga nan su da kansu suke ɗauko na yau. Ki haɗa da aya ta 6 ta Suratul Hujurat, ba uban da zai kai ƙara don an koya wa ɗansa bincika labari. Kuma komai ki rubuta a littafin shirin darasi, shugaban makaranta ya sa hannu tun kafin ki shiga aji. Ni ban yi haka ba, da abin ya taso ba wanda ya tsaya mini.

Mahaifin kuwa kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki ba shi amsa a waya. Ki sami dattijuwar malama ko limamin unguwa su yi miki jagora.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba zagin ba ne. Yaran da na koya wa darajar ƙuri'a suka dawo suna cewa Malam ai duk shirme ne, an gama komai a sama. Waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa a 2023 ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, ga kuma 'yan shekara sha bakwai sun yanke ƙauna tun ba su yanki katin zaɓe ba. Ni kaina zaɓen gwamna na 18 ga Maris ban leƙa waje ba saboda tsoro, abin yana damuna har yanzu.

Ki gaya mana yadda kuka ƙare da shugaban makaranta. In kina son takardar darasin da nake amfani da ita, ki yi mini magana ta gefe in ɗauki hotonta in turo miki. Allah ya fitar da ke, ya sanyaya miki zuciya.