Tambayi Makaniki: Rabin mitar motata ba ya haske da dare

Tambaya: Salamu alaikum Masta. Ina da Corolla tsohon yayi ta 2000 da nake tasi da ita, to yanzu da dare rabin mita ba ya kawo wuta, gefen allurar mai duhu ƙirin sai na haska da waya. Zan iya canza ƙwan da kaina ko dole sai na kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi? Daga direban tasi, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda rabi ne ya mutu to ƙwai ne ya ƙone. Da duka suka ɗauke lokaci ɗaya sai in ce fara duba fis, don a motoci da yawa fis ɗinsu ɗaya da ƙananan fitilun baya, ko kuma wani ya murza abin rage haske ba ka sani ba.

Aikin bai kai na zuwa Magazine ba in dai kana da haƙuri. Kashe mota, sa sifana lamba 10 ka cire kan batir na negatif. Sauke sitiyari ƙasa in yana sauka, kwance sukurorin baƙar robar da ta kewaye mita, ka ja ta a hankali, robar da ta sha ranar Kumasi shekara da shekaru ba ta da wuyar karyewa kuma ba kullum ake samun irinta ba ko a wajen masu kayan hom-yus, wato tsofaffin kayan mota da ake shigowa da su daga waje. Daga nan sai sukurorin mitar kanta, ka jawo ta kaɗan kawai ka zura hannu baya ka danna harshen soket kafin ka zare, kar ka fizgi waya don Allah.

A bayanta za ka ga ƙananan mariƙai, murza hagu kaɗan su fito da ƙwansu. Tafi da tsohon ƙwan shago a ba ka irinsa, don girmansu ba ɗaya ba ne. Kuma ni shawarata ka canza na hasken duka, tare aka sa su, yau wannan ya mutu gobe ɗan'uwansa ne. Allurai kuwa kar yatsanka ya taɓa su.

Yara za su ce ka sa LED ya fi kyau. Yana da kyau, amma in ka sa shi a juye ba ya kamawa sai ka juya shi, sannan ban yarda ka sa shi a fitilar alamar batir ba, a wasu tsofaffin motoci ta wannan ƙwan altaneta, wato abin da ke cajin batir, ke samun wutar fara caji, bar na asali a wurin.

Kafin ka ɗaure sukurori jona soket, mayar da batir, murza makulli ba tare da ka tada inji ba. Alamar batir, ta man inji da ta cek-injin dole duk su kama. Wadda ta ƙi, duba wurinta da kyau, wasu masu sayar da mota cire ƙwan suke yi don su ɓoye matsala.