Tambayi Kawu: Yunifom Ɗin Matuƙin Jirgi Na Naira Dubu 120

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan kusan duk saƙonnin da suka shigo mini kan jirgin sama ne, kuma ban yi mamaki ba, tun da jirgin farko na alhazan Najeriya na 2024 ya tashi daga filin jirgi na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ga kuma maganar filin jirgin Gusau da ke bakin kowa, duk yaron da ka tambaya me kake so ka zama sai ya ce matuƙin jirgi. Mu lokacinmu likita ne ko soja. To bismillah.

"Kawu ina da gem na tuƙin jirgi a wayata na kai mataki na ƙarshe, in na sayi babban na kuɗi za a rage mini awannin horo in na shiga makaranta?" Wani ɗan SS1 daga Birnin Kebbi.

A'a. Ko minti ɗaya. Ka mayar wa Mama wayarta ka ɗauko littafin lissafi.

"Kawu barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, albasa nake yi, ban yi boko mai nisa ba. Yaro na yana SS2, wasu mutane sunka zo makarantarsu da fararen riguna masu igiya a kafaɗa, sunka ce za su yi ma yara horon jirgi na sati shida a hutun ƙarshen shekara, naira dubu 120, a ciki har da yunifom da hula da satifiket, kuma wai wanda duk ya gama suna da hanya za su shigar da shi makarantar jirgi ta Zariya. Yaron ya hana ni barci. In biya?"

Alhaji kada ka biya. Ko ka biya ɗin ma to ka san kuɗin ɗinki ka biya, don abin da za a kawo maka gida kenan, riga da hula da takarda mai hoton jirgi, kuma telan bakin kasuwar Jega zai yi maka rigar da igiyar kafaɗar har da maɓallan zinariya a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Bari in ɗan tsaya a nan don abin yana cin raina. Ba yau na fara gani ba, shekarun baya wani ɗan yayata haka aka yi masa, uwar ta sayar da tumaki biyu da ta yi kiwo don Babbar Sallah, aka kai su wani zaure a otal, aka kunna musu majigi, aka koya musu Alfa, Birabo, Cali, wato yadda matuƙa ke kiran haruffa a rediyo, aka ɗauke su hoto kowa ya sara kamar soja, ranar rufewa aka raba shinkafa da lemo. Ko ƙofar jirgi ba su taɓa ba. Satifiket ɗin yana nan an lanƙaya a bango saman talabijin ya yi ƙura, yaron kuma da sakamakon WAEC ya fito Fiziks F9, saboda hutun da ya kamata ya zauna ya yi bita ya ƙare wajen koyon sara.

Ga yadda abin yake a Najeriya. Lasisin tuƙin jirgi hukuma ɗaya ce ke bayarwa, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, kuma makarantar da ta amince da ita kaɗai ce horonta ke shiga lissafi. Don haka tambaya ta farko ga masu fararen rigunan ita ce ina takardar amincewar NCAA, in sun fara kame-kame, wai muna da alaƙa da wane, wai ana kan aikin takardun, to ka gyara hularka ka tashi. Makarantar Zariya da suke faɗa, NCAT, ta gwamnatin tarayya ce tun 1964, tana fitar da sanarwar ɗaukar ɗalibai da kanta, ka cike fom, ka zauna jarabawarta, a yi maka tambayoyi baki da baki, likita ya duba ka. Ba ta aiko dillali Jega ba. Duk wanda ya ce maka yana da hanya, hanyar aljihunka yake nufi. Akwai kuma ta Ilorin, International Aviation College, ita ma da kanta take ɗaukar ɗalibanta.

Sannan lissafin shekaru ma bai goyi bayansu ba. Ƙaramin lasisi, wanda mutum zai tuƙa jirgi don kansa, sai ya kai shekara 17. Na aiki wanda za a biya ka albashi sai 18, da awanni 200 a sama, ko 150 in kwas ne na makarantar da aka amince da ita tun daga farko har ƙarshe. Babban lasisin da kyaftin ɗin jirgin fasinja ke riƙewa kuwa awanni 1,500 ne. Kowace awa mai ne ake ƙonawa, malami ne ake biya, shi ya sa kuɗin cikakken horo ake maganar miliyoyi masu yawa, ba kuɗin buhun albasa uku ba. To wane irin sati shida ne a zauren otal zai taɓa wannan?

Abin da ɗan sakandare ke buƙata ba boyayye ba ne, kiredit biyar a WAEC ko NECO, dole a ciki akwai Turanci da Lissafi da Fiziks, in injiniyan jirgi yake so a ƙara Kemistiri. Kuma na guminsa, ba na santar da ake biya a rubuta wa yaro amsa a allo ba. Na san wasu za su ce Kawu ka cika tsauri, to ku ji, wanda ya sayi A1 a lissafi zai je Zariya a ba shi nauyin kaya da na mai da tsawon titin tashi a ce ya fitar da amsa, ranar babu mai raɗa masa a kunne. Turancin ma ba na yanga ba ne, da shi matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi a duk duniya, akwai gwajinsa na musamman da sai ka kai mataki na 4 cikin 6.

Don haka Alhaji dubu 120 ɗin nan ka raba ta. Ka fara zuwa makarantar yaron da ƙafarka ka tambayi shugaban makaranta wa ke koyar da Fiziks, malami ne na dindindin ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan wata biyu, ka ce a buɗe maka ɗakin gwaji ka leƙa, ko ba ka san sunan kayan ba ai ka san ƙura in ka gan ta. In ka ga babu, ka nemo malamin lesin nagari ka biya shi wata-wata, ka sayi littattafai da takardun jarabawar baya, ragowar in makarantar za ta shirya ziyara filin jirgi da izinin hukuma ka biya masa kuɗin mota. Irin wannan kulob na makaranta da malamin kimiyya ke jagoranta, yara su haɗa ɗan jirgi da kwali da ƙaramin moto, ba ni da ja a kansa ko kaɗan, yana da kyau ma, abin da nake ƙi shi ne a sayar wa uba da alkawarin da ba a da ikon cikawa. Yaron zai yi fushi kwana biyu, ka bar shi ya yi.

"Kawu ɗiyata ce, SS3 a Gusau, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi tun JSS, ba ta da magana sai jirgi. Amma tana sa gilashi, wata maƙwabciya ta ce mai gilashi ba ya tuƙa jirgi, gwaggonninta kuma sun ce ba aikin mata ba ne. Jiya kwana ta yi tana kuka, ni ma wallahi na rasa abin ce mata."

Hajiya ki kwantar da hankalinki, ki share mata hawaye. Maƙwabciyar ba ta faɗi daidai ba, matuƙan jiragen fasinja da yawa da gilashi suke aiki, abin da ake dubawa shi ne in ta sa gilashin ganin yana kaiwa ma'aunin da ake so. Soja ne suka fi tsanani. Abin da ya fi gilashi hatsari shi ne rashin bambance launi, don fitilar fiffiken hagu ja ce ta dama koriya, fitilun titin sauka ma da launi suke magana. Ki kai ta asibitin ido a nuna mata littafin nan mai ɗige-ɗige da lambobi a ɓoye ciki, minti biyar ne kuma ba tsada. In ta wuce, kafin ku sa kobo a wata makaranta ku je wajen likitan da NCAA ta ba izini ya yi mata cikakken gwaji, zuciya, kunne, jini, komai. Gara a sani tun yanzu.

Gwaggonni kuma ki faɗa musu cikin ladabi cewa Kyaftin Chinyere Kalu mace ce, ita ce ta farko a matan Najeriya da ta samu lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, daga baya har ta shugabanci makarantar Zariya ɗin kanta. Zancen da ya fi gilashi da gwaggonni nauyi shi ne kuɗi, ku zauna da mahaifinta tun yanzu, ku sa kunne kan tallafin karatu na jiha, kuma ta cike JAMB duk da haka, AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, tana ɗaukar farar hula tana koyar da injiniyancin jirage. Allah ya yi mata albarka.

"Ni ajin At nake a Ƙaura Namoda, ba Fiziks. Shikenan ni da jirgi?"

Da kujerar gaba dai e, sai in za ka koma ka yi Fiziks ɗin. Amma filin jirgi ba matuƙi kaɗai ke ci a ciki ba, akwai masu kula da fasinja cikin jirgi, su ma lasisin NCAA gare su, kuma ana gwada iyo, a nan 'yan Argungu sun riga ku. Akwai tikiti, akwai kaya, akwai tsaro. Sai dai nan ma 'yan satifiket ɗin sati biyu sun cika Facebook, tambayar dai ita ce waccan, ina amincewar hukuma.

"Kawu wane jirgi mara matuƙi zan saya wa ƙanena ya fara koyo, na ga wani na dubu 45 a intanet mai kyamara. Muna Tsafe."

Tsafe? Kai ko tsoro ba ka ji? A 2021 gwamnatin tarayya ta yi shelar hana shawagin jirage a Zamfara saboda tsaro, kuma ko a inda ake zaman lafiya mai kyamara sai da izinin NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka tashi abu yana shawagi saman gari jami'an tsaro su gani, bayanin da za ka yi musu ba ni zan taya ka ba. Na dubu 45 ɗin ma batirinsa ba ya kai ka gama shan shayi, iska kaɗan ta kwashe shi sai cikin gonar gero. Ka saya masa kalkuleta ta kimiyya, ta asali, ka duba da kyau don jabunta sun fi yawa a kasuwa.